Kujeru Bakwai a Gefen Alƙali

A ƙasarmu Ghana, idan aka tuhumi mutum da kisan kai, alƙali ba ya yanke masa hukunci shi kaɗai. Ana ɗebo mutum bakwai daga cikin jama'ar gari, waɗanda ba su karanta aikin lauya ba, a zaunar da su a wasu kujeru a gefen kotu, su saurari shari'ar tun daga farko har ƙarshe, sa'annan su ne za su ce mutumin ya aikata ko bai aikata ba. Turawa na kiransu juri, gidajen rediyo kuma su ce masu taya alƙali yanke hukunci. Na san 'yan'uwa na Najeriya za su ji abin banbaraƙwai, don kotunansu ba sa aiki da wannan tsari, galibinsu sai a fina-finan Amurka suke ganinsa. Mu kuwa a nan yana cikin tsarin mulkinmu na 1992, a sashe na 19: duk laifin da hukuncinsa kisa ne ko ɗaurin rai da rai, in ban da cin amanar ƙasa, alƙali da juri ne za su saurare shi tare.

Ni ɗan Zangon Kumasi ne, a nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Zango, ga wanda bai sani ba, shi ne sunan unguwannin da fataken Hausa da sauran Musulmin arewa suka kafa a garuruwan Ghana tun zamanin cinikin goro. Na taɓa zama ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan a wata shari'ar kisan kai da ta ci mana shekara ɗaya da wata biyar, kuma tun daga lokacin nake lura da yadda mutanenmu suke kallon wannan kira. Wanda ya zille masa, ko dai a yaba masa da tsoron Allah ko a yaba masa da wayo. Wanda ya amsa kuwa, kallon mai neman alawus ake yi masa, ko mai shisshigi cikin abin da babu ruwansa. Ra'ayina shi ne wannan gudun yana cutar da mu fiye da yadda muke zato. Zan faɗi dalilina ba tare da na raina masu jin tsoron ba, don wasu daga cikinsu su ne suka raine ni.

Dokar shari'ar manyan laifuka ta 1960 ta bayyana wanda za a iya kira: mai shekara 25 zuwa 60, mazaunin ƙasa, wanda yake jin Turanci. Ta kuma cire wasu rukunai, kamar alƙalai da lauyoyi da likitoci da 'yan sanda da sojoji da shugabannin addini. A aikace, a lokacin da aka kira ni, mafi yawan sunayen daga ma'aikatun gwamnati ake samo su, don can ne ake da jerin sunayen ma'aikata da adireshinsu a rubuce. To duba abin da wannan sharaɗi na Turanci ya yi mana tun kafin a fara. Dattawan da ke zama a zauren Sarkin Zango suna raba rigimar gado da ta aure shekara da shekaru, yawancinsu makarantar allo da ta ilimi suka yi, don haka ba sa ciki. Iyayenmu mata da ke kasuwa, waɗanda tun daga sallamar mutum suke gane ko da bashi ya zo ko da ƙarya, su ma ba sa ciki. Saura mu 'yan boko da ke aikin ofis, kuma ba mu da yawa. Idan mu ɗin ma muka noƙe, babu sauran ɗan Zango a kujerun.

Ni akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, ta nan sunana ya shiga. Ranar da na kai labarin gida, mahaifiyata, wadda muke kira Mma, ta ajiye carbinta ta ce, “Kai yanzu duk ayyukan duniya ba ka ga na yi ba sai ɗaukar jinin ɗan wani a wuyanka?” Na ce, “Mma, ba ni na nema ba, kirana aka yi.” Ta ce, “Ai kira ba dole ba ne. In ka ce a kashe shi alhali bai yi ba fa? In ka ce a sake shi alhali ya yi fa? Ta ko'ina ka ɓullo akwai hisabi.” A lokacin hukuncin kisan kai a Ghana kisa ne, ko da yake tun 1993 ba a sake zartar da shi a kan kowa ba. Sai a watan Yulin 2023 majalisar dokoki ta mayar da shi ɗaurin rai da rai. Saboda haka maganar Mma ba ta wasa ba ce, ran mutum ne ake shirin ɗora mini a hannu.

Kawuna kuwa nasa dalilin daban ne. Yana saurayi a watan Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba wa baƙi marasa takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Ya ga manyan motoci shaƙe da maƙwabta, wasunsu a Kumasi aka haife su, sun nufi iyaka da tabarmi da tukwane. Darasin da ya ɗauka daga wannan shekara bai taɓa barinsa ba: kada ka yarda sunanka ya hau takardar hukuma in ba dole ba. Ya ce da ni, “Ɗana, ƙasar nan da masu ita. Ka yi aikinka, ka karɓi albashinka, ka dawo gida. Shari'arsu ka bar musu.” Ya ƙara da cewa dangin wanda aka ɗaure ba sa manta fuska, kuma ba kowace ramuwa ake yi da wuƙa ba, akwai wadda ake aikowa cikin dare. Ban yi masa gardama ba, don abin da idonsa ya gani nawa bai gani ba. Amma kalmar “shari'arsu” ta tsaya mini a rai. Mu ne muke kuka kullum cewa ana tambayar mu asalin kakanninmu idan mun je neman fasfo ko katin ɗan ƙasa. Ga shi yau hukuma ta rubuto da kanta tana cewa ta yarda da hankalina har ta ba ni amanar ran ɗan ƙasa, sai kuma in ce ni baƙo ne?

A ofis ra'ayi ya rabu biyu. Wani abokin aikina ya ja ni gefe ya ce abin ai mai sauƙi ne, a samo takardar likita ta hawan jini ko ciwon baya, shi ke nan an wanke ni. Ya lissafa mini mutum uku da suka yi haka suka zauna lafiya. Wani kuma ya taya ni murna, ya ce na huta da zaman ofis, ga alawus a kai, shi da za a bar shi a jerin har ya yi ritaya da ya gode. Na lura cewa su biyun, duk da sun saɓa, abu ɗaya suke aunawa, wato abin da kujerar za ta rage musu ko ta ƙara musu. Babu wanda ya ambaci mutumin da ke tsare yana jiran a saurare shi.

Maganar Mma ce ta fi damuna, don haka na je wurin malamin da na yi karatun littattafai a gabansa. Na kawo masa abin da kowane ɗalibi ya sani: hadisin da ya kasa alƙalai kashi uku, biyu a wuta ɗaya a aljanna, da labarin Imam Abu Hanifa wanda ya ƙi karɓar alƙalanci a hannun Halifa Mansur, aka tsare shi a Bagadaza har ya rasu a shekara ta 150 bayan hijira. Malam ya saurare ni har na gama, sa'annan ya tambaye ni, “Kai aka ce ka tsara dokar?” Na ce a'a. “Kai za ka faɗi shekarun da za a ɗaure shi?” Na ce a'a, wannan na alƙali ne. Ya ce, “To me aka ce ka yi?” Na ce in saurari shaidu in faɗi ko abin ya faru yadda aka ce. Ya ce, “Wannan ya fi kusa da aikin shaida, kuma ka san abin da ƙarshen Suratul Baƙara ya ce game da shaidun da aka kira suka ƙi zuwa, da masu ɓoye shaida. Wanda ya nemi kujera daban, wanda kujera ta neme shi daban. In duk masu tsoron Allah suka gudu, ka san waɗanda za su zauna.” Ya gargaɗe ni da abu ɗaya: in shakka ta shige ni, kada in bi yawan mutane don in huta. Akwai malaman da ba su yarda da wannan fahimta ba, suna ganin duk shari'ar da ba ta Musulunci ba nisantarta ya fi, kuma ina girmama su. Ni dai da wannan amsa na tafi kotu.

Ranar zaɓe an tara mu da yawa, magatakarda yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Wanda ake tuhuma yana da damar ya ƙi mutum uku ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma ya ƙi biyu ta bakin lauyansa. Da aka kira ni ya ɗago ya dube ni, ya yi shiru, aka ce in wuce. Na rantse da Alƙur'ani, na kusa da ni ta rantse da Baibul. A cikinmu akwai mata uku da maza huɗu, daga ma'aikatu daban-daban, Asantawa da mutumin Volta da ni. Alƙali ya yi mana bayani a fili cewa shi ne mai doka, mu ne masu tantance abin da ya faru. Ya ce nauyin kawo hujja yana kan mai gabatar da ƙara, wanda ake tuhuma ba sai ya wanke kansa ba, kuma duk shakka mai ma'ana da ta rage, ribar wanda ake tuhuma ce. Da na ji haka sai na tuna ƙa'idar da muka karanta a fiƙihu ta kauce wa haddi idan akwai shubuha. Ya hana mu tattauna shari'ar da kowa, har matanmu na aure.

Wanda ya san kotu a fim kawai zai sha mamakin yawan zaman banza da ke cikinta. Sai ka bar gida da sassafe, ka shiga motar haya da muke kira trotro, ka isa ƙarfe tara, ka zauna har sha ɗaya, sa'annan a ce lauya yana wata kotu, an ɗage sai bayan mako biyu. Wata rana shaida ne bai zo ba. Wata rana motar gidan yari ce ba ta kawo wanda ake tuhuma ba. Wata rana ɗaya daga cikinmu ne ba shi da lafiya, kuma in babu mutum ɗaya babu zama. Aikin ofis yana nan yana jiranka, babu wanda zai yi maka. Alawus ɗin da abokina yake kwaɗayi kuwa, sai ka ci bashin kuɗin mota kafin ya fito. Hausawa sun ce shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Tamu har watannin haihuwar ta zarce.

Duk ranar da raina ya ɓaci da wannan jeka-ka-dawo, ina duban akwatin da wanda ake tuhuma ke tsayawa. Saurayi ne ɗan dako a tashar mota, daga arewacin ƙasar, kuma kafin a fara shari'ar ya riga ya shekara uku a tsare. Ni idan aka ɗage, trotro zan hau in koma gida in ci tuwo. Shi gidan yari za a mayar da shi. A bayan kotu kuma akwai wata tsohuwa da ba ta taɓa fashin zuwa ba, mahaifiyar mamacin, tana zaune da ɗan ƙullin goronta, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turancin da ake yi a kan ɗanta. Tsakanin waɗannan mutum biyu, asarar yinina ba ta kai abin ambato ba.

Abin da ya faru a fili yake: 'yan dako biyu sun yi faɗa a kan kuɗin lodi, ɗaya ya bugi ɗaya da katako, ya faɗi, ya cika a asibiti. Tambayar da ke gabanmu ita ce ko da niyyar kisa ya buge shi. A dokar Ghana wannan niyya ita ce ta raba kisan kai da kisan da ba na ganganci ba, wato a lokacin ita ce ta raba hukuncin kisa da zaman gidan yari. Cikin shaidu akwai wata mai sayar da koko da ƙosai a bakin tashar, wadda ta ba da shaidarta da Hausa. Aka tambaye ta yadda su biyun suke. Ta ce, “Ai su harshe da haƙori ne.” Tafinta, wanda Hausarsa ta kasuwa ce kuma yana iya ƙoƙarinsa, ya juya wa kotu cewa kullum cikin cizon juna suke. Na ga lauyan gwamnati ya rubuta, na ga abokan zamana sun rubuta. Duk wanda ya tashi cikin Hausa ya san ba haka take nufi ba. Tana nufin tare suke kwana tare suke tashi, saɓaninsu irin na waɗanda ba sa rabuwa ne. Na rubuta 'yar takarda na miƙa wa shugabanmu, ya miƙa wa alƙali, alƙali ya sa aka sake tambayarta ta yi bayani da wasu kalmomi. Ta ce kwano ɗaya suke ci, ɗaki ɗaya suke haya, ranar ma tare suka sha kokonta da safe.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa na zauna a can ne a matsayin lauyan masu jin Hausa. Rantsuwar da na yi ba ta san ƙabila ba, kuma kunnen da ya ji wannan karin magana shi ne ya ji lokacin da wani shaidan ɓangaren wanda ake tuhuma yake jera wallahi tallahi irin ta wanda aka koya wa magana a gida. Sanin mutane kaifi biyu gare shi. Abin da nake nufi shi ne, dalilin tara mutum bakwai daga gari maimakon a bar wa masani ɗaya shi ne kowa ya zo da abin da ya sani na rayuwa. Matar da ke kusa da ni ta san yadda ake rubuta rahoton asibiti, don a can take aiki a sashen ajiye takardu. Wani ya san tashar da yadda ake rabon kuɗin lodi. Da na karɓi shawarar takardar likita, da wani ne zai zauna a kujerata, mai yiwuwa mutumin kirki, amma da maganar mai koko ta shiga kundin kotu a juye.

Abin da muka tattauna bayan an rufe mana ƙofa amana ce, ba zan faɗe shi ba. Zan dai ce mun daɗe, an ɗaga murya, an yi shiru, an sake komawa kan shaidu ɗaya bayan ɗaya. Tsarin mulki ya ce a laifin da hukuncinsa kisa ne dole bakin juri ya zo ɗaya, saboda haka babu wanda zai fake a bayan wani. Da muka fito, shugabanmu ya faɗa a bainar jama'a cewa ba mu same shi da laifin kisan kai ba, mun same shi da laifin kisan da ba na ganganci ba. Alƙali ya yanke masa shekarunsa. Tsohuwar nan ta tashi ta fita ba ta dubi kowa ba. Har yau ban san ko ta ga an yi mata adalci ba, kuma wannan nauyi yana nan tare da ni. Mma ta yi gaskiya da ta ce akwai hisabi. Sai dai ban ga yadda zama a gida zai sa hisabin ya ɓace ba, illa dai ya koma kan wani.

Akwai wata shari'a da duk Ghana ta sani, wadda take nuna abin da ke cike gurbi idan aka rasa masu zama su saurara. Ranar 29 ga Mayun 2017, a garin Denkyira-Obuasi, wani hafsan soja, Kyaftin Maxwell Mahama, ya fita motsa jiki da safe. Wasu suka hango bindiga a jikinsa, aka ce ɗan fashi ne, jama'a suka taru suka kashe shi da duwatsu da sanduna, wasu suna ɗauka da waya. Babu wanda ya nemi shaida, babu wanda ya ji ta bakinsa. Bayan rasuwarsa aka ƙara masa girma zuwa Manjo. Mutum 14 aka gurfanar, kuma sai a watan Janairun 2024 juri mai mutum bakwai ya kammala aikinsa: ya sami 12 da laifi, aka yi musu ɗaurin rai da rai, ya sallami biyu. Mutane da yawa sun yi ƙorafin daɗewar shari'ar, kuma suna da hujja. Ni abin da na riƙe shi ne biyun nan da aka sallama. Taron da ya kashe Mahama cikin ɗan lokaci bai iya bambance soja da ɗan fashi ba. Bakwai ɗin da suka yi shekaru suna zama sun iya bambance mutum 12 da mutum biyu, alhali ƙasa gaba ɗaya tana cikin fushi tana so a hukunta kowa.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, irin wannan taro ba baƙonmu ba ne. Wanne ne cikinmu bai taɓa jin an kwarma ihun “ɓarawo!” a kasuwa ko a lungun unguwa ba, ya ga yadda matasa ke fitowa da duk abin da hannu ya kai? A irin wannan rana ban taɓa jin wani ya tsaya ya kawo hadisin alƙalai uku ba. Haka nan a majalisar shayi da zaurukan WhatsApp, kafin 'yan sanda su gama bincike mun riga mun yanke wa mutum hukunci, mun haɗa da iyayensa. Tsoron ɗaukar alhaki ba ya zuwa mana sai ranar da aka ce mu zauna a rubuta sunanmu, mu rantse, mu saurari ɓangare biyu. Ina ganin a nan akwai abin dubawa. Hukuncin da muke gudu shi ne wanda aka kewaye da sharuɗɗa don kada a zalunci kowa, wanda muke yi kullum ba tare da fargaba ba kuwa ba shi da sharaɗi ko ɗaya.

Wannan kujera da muke gudu ma ba kullum muke da ita ba. A zamanin mulkin mallaka, a yankin Asante, alƙalin Bature shi kaɗai yake yanke hukuncin kisa, babu juri, kuma ba a barin lauya ya tsaya wa wanda ake tuhuma. An daɗe ana yi wa baƙar fata haka babu wanda ya ɗaga murya a Ingila. Sai a 1928 aka gurfanar da wani likita Bature, Dokta Benjamin Knowles, a nan Kumasi bisa tuhumar harbe matarsa, aka yi masa irin shari'ar da ake yi wa kowa, aka yanke masa hukuncin kisa. Nan da nan jaridun Ingila suka yi ca, yaya za a yanke wa ɗansu hukunci babu juri babu lauya. Ƙarar ta kai majalisar ɗaukaka ƙara ta masarautar Ingila a Landan, aka soke hukuncin. Abin da Bature ya ɗauka haƙƙinsa ne da ba a taɓawa, kakanninmu ba su samu ba. Mu jikokinsu an ba mu, muna neman takardar likita.

Ban ce tsarin ba shi da aibu ba. Mutum bakwai ma suna iya kuskure, ana iya tsorata su, ana iya saye su. Idan ɗaya ya rasu ko ciwo ya kwantar da shi, shari'ar da ta yi shekaru tana iya komawa farko. Ɗebo mutane daga ma'aikatun gwamnati kaɗai ya haifar da waɗanda suka mayar da abin sana'a. A 2024 masu zaman juri a Akra sun yi yajin aiki saboda alawus ɗin da ba a biya su ba na watanni, manyan shari'o'i suka tsaya cik. Manyan lauyoyi da alƙalai sun sha kiran a gyara tsarin, wasu ma sun ce a soke shi. Ni ina cikin masu cewa a gyara: a biya mutane haƙƙinsu a kan lokaci, a tanadi masu jiran gurbi, a riƙa zama kullum har a gama maimakon ɗage-ɗage, a faɗaɗa jerin ya haɗa da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, a kuma horar da tafintoci sosai. Amma wanda bai taɓa zama ba, da wane baki zai nemi gyara?

Roƙona ga 'yan'uwana na Zango, daga Kumasi har Nima da Tamale, shi ne idan takardar nan ta zo, a amsa. Limamanmu da doka ta ɗauke musu wannan nauyi suna iya taimakawa da bayani a huɗuba, don mutane su san bambancin mai tsara doka da mai tantance gaskiyar magana. Iyaye su daina ɗaukar ɗansu da ya je kamar ya sayar da lahirarsa. Masu ilimin boko a cikinmu su tuna cewa yaran unguwarmu suna yawan tsayawa a akwatin nan, iyayenmu mata suna yawan zama a bayan kotu suna kuka, kuma dukansu suna da haƙƙin a samu mai jin maganarsu a cikin bakwai ɗin. Wanda ya ji tsoro ya tafi da tsoronsa, don mai tsoron zalunci shi ake bukata a wurin. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya a inda aka neme ta, ya kuma kare mu daga zaluntar bayinsa.